Ƙarfen da Aka Yi Don Ya Karye

Litinin, 4 ga Oktoba, 1999

An koma karatu. An sake ba ni 'yan babbar difloma na ɓangaren ƙere-ƙere, darasin zaɓen kayan ƙira da hanyar ƙera su. Ba wanda yake son darasin, shi ya sa kullum yake faɗowa kaina.

Na shiga da abin da na saba shiga da shi ranar farko: fartanya, ludayin miya, murfin tukunya. Na jera a tebur, na ce da wane irin ƙarfe za a yi kowanne, kuma ta wace hanya? Fartanya? Sitenles, ƙarfen nan mara tsatsa. Ludayi? Sitenles. Murfi? Sitenles. A wurinsu abin da ya fi tsada da ƙyalli shi ne amsa, kowace iri ce tambayar. Na ce wa wani mai bakin tsiya a baya, Ammar sunansa, to hular kanka fa? Ya ce, "In da hali, Malam, sitenles." Aji ya kwashe da dariya. Ni ban yi ba.

Daga nan suka tambayi yaushe takardar darasi za ta fito. Ita suke jira, su haddace, su zuba mini a jarrabawa, su manta kafin su kai ƙofa.

Ni da gwamnatin Arewa maso Yamma ta tura Ingila na karanta ilimin ƙarafa, aka ce in yi sauri in dawo, ana gina masana'antun da za su ɗauki ƙasa. Na yi sauri. Ga ni a Ƙaura da ludayi a hannu.

Alhamis, 7 ga Oktoba

Ba wuta. Na dafa shinkafa da wake, na ci rabi a tsaye. Tun rasuwar matata Kulsumu har yau ban iya auna abincin mutum ɗaya ba.

Talata, 12 ga Oktoba

Bayan darasi wani ɗalibi ya biyo ni ofis. Dogo, siriri, mai zama kusa da taga, ban taɓa jin muryarsa ba. Sirajo, daga Moriki. Ya tsuguna a bakin ƙofa. Na ce ya tashi, nan ba fada ba ce. Ya buɗe hankici ya zuba mini gutsattsarin ƙarfe a tebur.

Fil ne na injin niƙa, wanda ake sokawa ya haɗa fulin da bel yake juyawa da shaf ɗin da ke juya haƙoran injin. Na mahaifinsa ne, Alhaji Maccido, kuma da shi gidan yake ci. Ya ce fil ɗin karyewa yake yi ba dare ba rana, su kuma sai su soka ƙusa su ci gaba, ita ma ta karye.

Na ce to ni me ya shafe ni?

Ya ce, "Alhaji yac ce in karatun da ni kai bai iya gyara fil guda, in dawo gida in tsare injin."

Na tambaye shi ko so yake ya koma. Ya girgiza kai, bai ɗago ba.

Na juya gutsuren a hannu. Ƙusar kafinta ce, ta yi wa ramin kaɗan, sai ta riƙa rawa a ciki har ta gaji. Ban faɗa masa ba. Na ce ya zo da ita aji ranar Litinin, tun da Allah ya kawo mana tambayar da ba ta cikin takarda.

Da ya fita na lura hannuna bai daina juya ƙarfen ba. An daɗe rabon da wani ya kawo mini abin da ya karye.

Litinin, 18 ga Oktoba

Na zana fulin da shaf a allo, na ba su labarin injin Moriki, na ce da me za mu yi fil ɗin? Amsa ta zo kamar yadda na zata: a nemo ƙarfen da ba ya karyewa. Wani ya ce sifirin mota. Ammar ya ce a yi walda kawai a huta.

Na ce kafin ku ce da me, ku tambaya menene aikinsa. Na ce to, mace ta kawo gero daga masussuka, an sheƙe shi a ƙasa, akwai tsakuwa a ciki, wani lokaci har guntun lauje. Ya shiga tsakanin haƙora ya cije. Injin gas bai san an cije ba, juyawa yake yi. Ƙarfin nan ina zai tafi?

Can daga wajen taga, muryar Sirajo, a hankali:

"Dole wani abu shi karye, Malam."

Na ce wanne kake so ya karye?

Ya ce, "Wanda ba shi da wuyar samu."

Na juya ga allo na yi kamar ina gyara zanen. Shekarun da na yi a ajin nan, ba na tuna ranar da wani ya kai nan da ƙafarsa.

Muka tsayar da ƙarfe mai laushi, irin rodi mai santsi, a sassaƙa shi ya cika ramin daidai, a yi masa ɗan wuya a inda ake so ya katse. Zubi ba zai yi ba, ƙirar maƙera ba za ta ba da kauri daidai ba. Sai injin sassaƙar ƙarfe na wakshof, in an samu wuta. Sauran ajin suna tambaya ko wannan zai fito a jarrabawa.

Laraba, 27 ga Oktoba

Gari ya zube Gusau, bikin ƙaddamar da Shari'a. Tun jiya motoci ke wucewa cike, ana kabbara. Makaranta wayam. Shugaban sashenmu, wanda ni na koya masa riƙe ma'auni, ya tafi da sabon rawani. Ni ba ni da abin faɗa a kan Shari'a, ita na tashi na tarar a bakin mahaifina. Mutanen da na sani ne nake kallo, na san su jiya.

Abin mamaki, an kawo wuta da hantsi. Na nufi wakshof ba tare da wani dalili ba, sai na tarar da Sirajo zaune a dakali da guntun rodi a cinya. Ya ce ya yi tunanin yau ba mai rigimar injin da shi.

Muka buɗe. Injin ya yi kuka kamar zai ƙi, ya tashi. Fil na farko ya ɓata shi, ya ci ƙarfen da yawa. Na biyu ma. Na zage shi, na ce hannu ne da kai ko ƙafar raƙumi? Ya yi murmushi ya ɗauko wani. Na ukun na auna, na sake aunawa, ban sami aibi ba. Muka yi masa guda-guda har suka cika gwangwanin madara.

Da azahar muka yi salla a baranda, ya matsa mini, da ƙyar na yi limanci. Ya fito da ƙuli-ƙuli da rogo daga jaka. Na ce na ƙoshi, sannan na ci fiye da rabi.

Ya tambaye ni Ingila. Na ba shi labarin ranar da na fara ganin narkakken ƙarfe yana gudu kamar kunu a cikin kwata, zafinsa yana taɓa fuska daga nesa. Na yi magana da yawa. Ban ji daɗin kaina ba da na dawo gida.

Lahadi, 31 ga Oktoba

Abokin darata, mutumin Binuwai na sashen lantarki, ya kwashe iyalinsa. Ya ce ba wanda ya ce masa komai, matar ce ba ta barci tun bikin Gusau. Ya bar mini allon darar. Da wa?

Litinin, 8 ga Nuwamba

Sirajo ya je gida ya dawo da fuska a ƙasa. Ya kai fil ɗin. Alhaji Maccido ya ɗauki ɗaya, ya ɗora a dutse, ya buga da guduma, ya lanƙwashe. Ya jefar. Wai wannan ne abin da aka koyo a makarantar gwamnati, rodin gini, har da yi masa wuya don ya yi saurin karyewa? Ya aika kasuwa an sayo masa notin tayar babbar mota, mai taurin tsiya, an dasa a ramin.

Na ce ba ka yi masa bayani ba?

Ya ce, "Malam, ni ne ɗan fari."

Na gane. Uban ba ya kiran sunansa, ba ya duban idonsa, ba ya yi masa magana kai tsaye tun yana goye. Shi ma ba ya buɗe baki a gabansa. Duk abin da zai wuce tsakaninsu sai ya bi ta bakin ƙanwar uban, Goggo Tasalla. Ya zauna ya yi wa Goggo bayanin ƙarfin juyi da inda ake so ƙarfe ya katse. Ita kuma ta je ta ce wa yayanta, "Yaro yac ce nashi ƙarhen ya fi saurin karyewa." Gaskiya ta faɗa, iyakar abin da ta riƙe ke nan.

Sai ya ce, yana murza hularsa a hannu, "Malam, da za ka zo ka hwaɗa mishi. Kai sa'anshi ne. Zai ji taka."

Na ce ni ba makanike ba ne, kuma ba a ɗauke ni aiki don in bi ƙauyuka ina sasanta uba da ɗa ba. Na ce na koya maka daidai, ka yi daidai, sauran ba nawa ba ne.

Ya ce to, Malam, na gode. Ya fita da baya.

Abin da na faɗa gaskiya ne. Na yi ta maimaita wa kaina haka har la'asar.

Juma'a, 12 ga Nuwamba

'Yata Salima ta aiko direba daga Kaduna da man shanu da sabulu. Ta ce in zo in yi azumi a wurinsu. Yayanta kuwa, ɗana na fari, shiru, daga Fatakwal ko gaisuwa.

Talata, 16 ga Nuwamba

Kujerar taga ba kowa.

Litinin, 22 ga Nuwamba

Har yau babu shi. Na yi darasi a kan zubin ƙarfe a yashi, na ji muryata tana dawo mini daga bango. Da za a fita na tsayar da Ammar, na tambaye shi kamar abin bai dame ni ba.

Ya ce, "Ai injinsu ya yi bindiga, Malam. Wani abu ya cije, notin bai karye ba, shaf ɗin ne ya murɗe ya tsinke. Saura kaɗan fulin ya tafi da ƙafar mai zuba hatsi. Babansa ya ce karatu ya ƙare."

Sannan ya ƙara da cewa, ba dariya a fuskarsa, "Abin da ka zana a allo ne ya faru, sak."

Da ma ban zana daidai ba.

Asabar, 27 ga Nuwamba

Na je Moriki. Ban shirya ba, na fita sayen burodi ne na ga motar Shinkafi tana lodi.

Rumfar injin tana bayan kasuwar hatsi. Ba ƙara, ba layin kwanuka. Sirajo na zaune a kan buhu, da ya gan ni ya miƙe kamar an tsikare shi. Ya shiga gida, Goggo Tasalla ta leƙo ta dube ni sama da ƙasa, can sai ga Alhaji Maccido. Gajere, kakkaura, gemu fari, idonsa na dariya ko bakinsa bai yi ba. Ya sa aka shimfiɗa tabarma, aka kawo fura da nono. Sai da muka gama gaisuwa tsaf, gida, aiki, gajiya, hanya, sannan ya ce:

"Kai ne malamin da ka koya ma yara yin ƙarhe mai karyewa?"

Na ce ni ne.

"Gwamnati ka biyanka a kan haka?"

Na ce ba kullum ba.

Ya yi dariya har da buga cinya. Na ce a kawo shaf ɗin. Sirajo ya kawo shi gida biyu ya ajiye a gabana, ya koma bayana ya tsaya. Na nuna wa Alhaji inda ƙarfen ya murɗe kamar igiya. Na zaro notin motar daga fulin, ko ƙwarzane babu. Na ce ga gwaninka nan lafiya lau, ga injinka a kwance.

Ya daɗe yana kallo. Ba wawa ba ne, ya gane tun kafin in rufe baki. Amma ya ce in tsaya in ji tasa. Duk sanda fil ya karye, mata na tsaye da kwanuka, sai su fara: injin Alhaji ya yi fushi, injin Alhaji ya tafi salla. Wasu su ɗauki hatsinsu su tafi wurin wani mai inji a bakin tasha. Ya gaji da zama abin dariya, kuma ga shi an ce ɗansa na karatun injiniya. Ya yi ta jiran ranar da za a kawo masa abin da zai nuna wa mutane. Aka kawo masa rodi.

Ban yi tunanin wannan ba. A allo babu mata da kwanuka.

Daga nan abin ya zama wani iri. Ya dubi bangon rumfa ya ce, "Tambayi ɗalibinka, in an sa nashi, sau nawa za shi karye?"

Na waiwaya. Sirajo ya dubi ƙafata ya ce, "Malam, ka hwaɗa mishi in an tankaɗe tsakuwa kahin a zuba, sai a yi wata ba a canza ba."

Na juya na faɗa, ko da yake tsakaninsu bai fi tsawon tabarma ba, kuma Alhaji ba kurma ba ne.

"Tambaye shi wa za shi tsaya tankaɗe."

"Malam, ka ce mishi rariya za a ɗaura a bakin mazubin."

Haka muka yi ta yi, ina juya wuya dama da hagu. Na lura duk sanda yaron ya ba da amsa, uban yakan ɗan gyaɗa wa bango kai.

Na kawo maganar makaranta. Ya ɗaure fuska. Ya ce azumi ya ƙarato, lokacin da kowane gida ke niƙan kunu da ƙosai, inji na kwance, shaf sai Kano in ma an samu. Ya ce, "Wancan ba ya zuwa ko'ina. Karatu ya ci abin da za shi ci."

Na ji bakina yana cewa, ba sai an je Kano ba, za mu yi shaf ɗin a Ƙaura.

Ya ce in an yi, a yi magana. Bai yi alkawari ba. Na dawo da ƙarfen gida biyu a buhu, yana bugun ƙafata a mota. Burodin ban saya ba.

Laraba, 1 ga Disamba

Na zube shaf ɗin a teburin aji, ƙarar ta tashe na baya. Na ce wannan na abokinku ne, in bai tashi ba, shi ma ba zai dawo ba. Babu takarda, babu maki. Wanda ba ya so ya fita.

Mutum uku suka fita. Sauran suka matso.

Wani ya ce a yi walda a haɗa. Wani ya ce wurin waldar ne zai fara tsagewa, tun da juyi yake ɗauka. Wani ya ce to rodi mai laushi, kamar fil ɗin. Ammar ya ce, "Kai, a'a. Wancan an yi shi don ya karye, wannan an yi shi don ya riƙe. Ba aikinsu ɗaya ba." Ya tsaya yana mamakin bakinsa.

Suka yi ta gardama, ni ina zaune a gefe. A ƙarshe suka tsaya a kan shaf ɗin tayar baya na tsohuwar motar ɗaukar kaya, tun da aikin da ya saba ke nan, kuma akwai su jibge wurin masu gwangwan. Sai tambaya ta taso: ya yi tauri, wuƙar injin sassaƙarmu ba za ta ci shi ba. Na bar su suka sha wuya kafin na tuna musu darasin da suka haddace bara ba su san amfaninsa ba: a gasa shi ya yi ja, a binne a toka ya huce a hankali, ya yi laushi, a sassaƙa, sannan a mayar masa da ƙarfinsa daidai gwargwado.

Mun wuce lokaci. Ba wanda ya duba agogo sai ni.

Alhamis, 9 ga Disamba

Azumin farko. Wuta ta yi ta wasa da mu, sai jiya aka gama shaf ɗin. Na sha ruwa da dabino da shayi ni kaɗai, ina jin hayaniyar gidan maƙwabta ta katanga. Na aika wa Salima cewa aiki ya riƙe ni. Karon farko da na faɗi haka ba ƙarya ba ce.

Asabar, 11 ga Disamba

Ni da Ammar muka kai shaf ɗin Moriki. Sirajo ya ɗaura shi. Alhaji na zaune nesa a kan turmi, ya ba mu baya rabi, wai yana duba awaki. Da aka zo sa fil, yaron ya ɗauko gwangwanin madarar ya tsaya. Ya soka.

Injin ya tashi. Kafin a jima labari ya zaga, kwanuka suka fara jeruwa. Rariyar ba a gama ɗaura ta ba, ga mata na sauri saboda buɗa-baki, sai aka riƙa zubawa haka nan. Wajen la'asar muka ji ƙas. Bel na juyawa, haƙora sun tsaya.

Wata tsohuwa a layi ta ce, "To, ya koma halinshi."

Alhaji ya ji ta. Ya taso, ya ture Sirajo gefe ba tare da ya dube shi ba, ya buɗe haƙoran da kansa. Ya zaro guntun wata ƙatuwar ƙusa daga cikin garin. Ya shafa shaf ɗin daga farko har ƙarshe, ya sake shafawa. Lafiya lau. Ya ɗaga ƙusar sama ya ce, "Wanga geron na wa ne?"

Na tsohuwar ne. Layi ya fashe da dariya, wannan karon ba shi ake yi wa ba. Ta ce ita ba ta san yadda aka yi ba, jikokinta ne. Ya ce, "Inna, gero kika kawo ko kayan kahinta?"

Ya miƙa hannu baya, bai waiwaya ba. Sirajo ya sa masa sabon fil a tafi. Shi ya soka da kansa.

Mun sha ruwa a gidan. Kunun tsamiya, ƙosai mai zafi, tuwon gero. Ban tuna rabona da cin abinci a kwano ɗaya da mutane ba. Na jira ya tayar da maganar makaranta, bai tayar ba. Da na taɓo ta, ya ce a bari a ga yadda ƙarfen 'yan makaranta zai yi da azumi. Ya ce, "Ka dawo Asabar ka duba shi."

Asabar, 18 ga Disamba

Na koma. Shaf ɗin ba abin da ya same shi, na san haka tun daga gida. Na tafi da darasin makon, don kada jarrabawa ta zo ta same shi fanko in har ya dawo. Mun yi shi a bayan rumfa, ina zane a ƙasa da tsinke, injin na ruri, muna ɗaga murya. Alhaji ya zo wucewa sau da yawa fiye da yadda wucewa take buƙata.

A mota na tuna ɗana. Mu ba mu da wata kunya ta ɗan fari, ni ɗan boko ne, da sunansa nake kiransa tun yana jariri. Ga shi yau ba ma magana, ba mu da Goggo Tasalla kuma.

Asabar, 15 ga Janairu, 2000

Salla ta wuce. An koma karatu tun Litinin, kujerar taga ba kowa. Shugaban sashe ya ce in yaron bai bayyana mako mai zuwa ba, za a cire sunansa. Na ce na ji.

Yau na je da niyyar in faɗa wa Alhaji haka, in kuma gaya masa maganganun da na tanada tun a hanya, masu zafi. Na tarar an ɗaura rariyar, wani ɗan Goggo Tasalla na zuba hatsi, Sirajo na nuna masa yadda ake canza fil. Alhaji ya ja ni muka zauna a inuwar ɗurumi. Ya yi ta labarin farashin shanu, da wani malamin Jangeru da ya yi wa'azi har ya manta da sallar la'asar. Ban sami inda zan soka maganata ba.

Da na tashi tafiya ya raka ni bakin hanya, yaron na biye da mu daga nesa da jakata. Mota ta tsaya. Alhaji ya dubi wata saniya da ake ja a ƙetaren titi, ya ce:

"Ka hwaɗa ma wancan, Litinin shi bi ka."

Na juya na faɗa. Sirajo ya sunkuyar da kai, ya ce, "Malam, ka ce mishi na gode."

Na juya na faɗa. Alhaji ya gyaɗa wa saniyar kai.

Na sa ƙafa a mota, sai ya riƙe ƙofar. Ya ce, "To kai fa? In ya tahi, shi ke nan, ba mai zuwa duba shaf?"

Na ce shaf ɗin ba ya buƙatar dubawa.

Ya ce, "Na sani. Asabar dai ka zo."

Na ce sai na ga yadda aiki ya yi, ni ba mai yawan zirga-zirga ba ne, kuma hanyar nan tana karya mini baya.

Da na sauka a tashar Ƙaura na sayi goro, fari, manya. Na lulluɓe shi da jiƙaƙƙen tsumma. Mai goron ya ce zai kai Asabar.